Za a yi wa ƙanina tiyatar wuya, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanina ya yi haɗarin mota. Hoton CT ya nuna karaya a ƙashin wuya na biyu, C2, MRI kuma ya nuna jijiyoyin da ke riƙe da ƙoƙon kai sun yage. Likita ya ce sai an haɗe kai da wuya da ƙarfe da kusoshi. Hankalinmu a tashe yake. Wanda ya san abin ya taimaka.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, kada kowa ya kwance masa abin da aka ɗaura masa don riƙe wuya ko ya ja kansa wai zai gyara masa kwanciya. In za a juya shi, mutum ɗaya ya riƙe kan, sauran su juya jikin gaba ɗaya kamar gungume. Numfashi kansa ya dogara da lakar da ta bi ta wurin nan.

Wanda aka yi wa: Ɗan'uwa, ni an yi min shekara 4 da suka wuce. Kusan rabin waiwayen da wuya ke yi daga ƙashin wuya na farko, C1, da C2 yake fitowa, to ya shirya rasa shi. Yanzu in an kira ni ta baya, da kafaɗa nake juyowa. Saukar bene kuwa, idanu nake sunkuyarwa, kan ba ya bi. Ku tambayi likita har ƙashi na nawa zai haɗe, da kuma yadda zai saita haɓa. In haɓa ta yi ƙasa da yawa, haɗiya kan gagara. Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci a wurina.

Mai tambaya: Wani ya ce halo, wato zoben da ake kafa wa kai ta waje don hana wuya motsi, ya isa, ba sai an yanka ba.

Ma'aikaciyar jinya: Halo na taimakon ƙashi ya warke, wajen mako 12. Jijiyar da ta yage ba ta komawa da ƙarfinta, shi ya sa likita ya zaɓi ƙarfe. Ku tambaya ko an ɗauki hoton jijiyoyin jini biyun da ke bi ta ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, domin kusoshin kusa da su suke wucewa.

Wanda aka yi wa: In yana shan taba ya daina yau, tana hana ƙashi haɗewa.

Mai tambaya: Na rubuta duka. Gobe da safe zan ga likitan. Na gode ƙwarai, a ci gaba da yi masa addu'a.