Tsagewar bango da zaman fandesho: wa ya taɓa shiga wannan?

Mai tambaya, Kano:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa fama da tsagewar bango ku zo ku ba mu labari, kowa ya faɗi yadda nasa ya fara da abin da aka gano a ƙarshe. Ni nawa tun ƙarshen damina na ga wata tsaga ta taso daga kusurwar tagar falo ta gangara ƙasa a karkace tana bin layin bulo hawa-hawa, yanzu kuma ƙofar ɗakin yara ta fara cijewa sai an sa kafaɗa. Magini ɗaya ya ce filasta ce kawai a shafe da siminti a yi fenti, wani kuma ya ce fandesho ne ya zauna wai sai an rushe gefen. Tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce shi ya sa nake so in ji daga bakinku tukuna.

Magini, Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abu na farko ka ɗau makulli ka ƙwanƙwasa gefen tsagar, in ka ji sautin fanko to filasta ce ta saki bulo, in ka ji tauri to ka zagaya baya ka duba ko ta fito ta ɗaya gefen a daidai wurin. Tsagar filasta sananniya ce, sirara ce ta warwatsu kaman saƙar gizo-gizo, yawanci aikin da aka yi da hunturu ne ba a ba shi ruwa ba iska ta shanye shi kafin ya kama, ko yashin ya cika laushi da ƙura. Wannan ba ta hana barci. Akwai kuma wacce take miƙewa tsaye daidai inda pila ya haɗu da bulo, ita ma da sauƙi, kankare da bulo ne kowa ke motsinsa daban in rana ta buge su, raga ake sawa a sake filasta. Amma gaskiya wacce ke bin layin bulo a karkace ga kuma ƙofa na cijewa, ni ban taɓa ganin ta zama ta filasta ba, wanda ya ce ma a shafe so yake ya karɓi na cefane ya wuce.

Uwargida, cikin birnin Kano:
Hmm Allah ya kyauta, mu kam mun ga abu. Fili maigidana ya saya a shafe tas ba ka ce komai, dillali ya rantse ƙasar asali ce, ashe tsohon kududdufi ne aka cike da bola aka watsa jar ƙasa a sama. Shekarun farko lafiya lau, daga baya tayil ɗin tsakar falo ya fara fashewa shi kaɗai cikin dare ka ji tas, sai ƙasan ɗakin ya lotsa ta tsakiya har in an yi mopin ruwan can yake taruwa, sannan bango ya buɗe daga ƙasa, ƙasan tsagar ya fi samanta faɗi. Ranar da aka haƙa gefen gidan ina tsaye, wallahi leda ce ke fitowa da tsofaffin silifa da gwangwanaye da wani baƙin ruwa mai wari, lebura ya shiga har kafaɗa bai taɓa ƙasa mai tauri ba. Tsofaffin unguwa kowa ya san wurin, wata tsohuwa ma ce min tayi nan suke kama kwaɗi suna yara, wai ba wanda ya tambaye su ne. Duk mai sayen fili cikin gari ko bakin gari ya nemi tsohon unguwa ya gaishe shi ya tambaye shi me ke wurin a da.

Ɗan Numan:
Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Mu tamu matsalar ba bola ba ce ƙasar ce da kanta, baƙar laka irin wacce ke Numan da wasu sassan Gombe da can Dikwa da Ngala inda suke ce mata firgi. Da rani ƙasa ta dare ka zura hannu ya shige, da an yi ruwan farko ta kumbura ta rufe. To gidan ma haka yake yi, tsagar ɗakin babanmu a watan Maris yatsa na shiga, zuwa Agusta ta kusa haɗewa, an liƙe ta da siminti ba adadi duk shekara sai ta tofar da shi ko ta buɗe wata a gefe. Da na tashi nawa ginin sai da muka kwashe lakar aka zuba jar ƙasa aka daddaɓe sosai, aka zagaye fandeshon da rodi sama da ƙasa, aka kuma zuba kankare kewaye da gidan ta waje don kar ruwa ya dinga shiga gindin bango. Ya ci kuɗi amma har yau ba abin da ya motsa sai katanga da muka yi wa araha, ita kam ta karkace.

Injiniya, Kaduna:
Alhaji mai tambaya, kar ka liƙe kar kuma ka rushe, fara sanin ko tsagar na tafiya ne ko ta tsaya, ni duk gidan da aka kira ni da wannan nake farawa. Ka sa fensir ka ja layi a ƙarshen tsagar sama da ƙasa ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta da ruula a wuri biyu ko uku ka ɗau hoto da ruular a jiki, sannan ka ɗan kankare fenti ka ɗame wuri ɗaya da farin fawdar POP siriri ya haye tsagar. In ya fashe to gini na motsi. Ka bi ta wata-wata, in da hali ta ga rani ta ga damina, don irin ta ɗan Numan sai an haɗa lokutan biyu ake gane ta.

Maganar faɗi, akwai ma'aunin da hukumar binciken gine-gine ta Ingila ta fitar wanda yawancinmu ke bi: abin da bai wuce milimita 5 ba gyaran ado ne, daga 5 zuwa 15 an fara taɓa ƙofa da taga da bututu sai an buɗe an gyara, daga 15 zuwa 25 sai an sake wani ɓangare na bangon, abin da ya haura 25 kuwa maganar tokare gini ake da fitar da iyali. Amma faɗi kaɗai ba ya yanke hukunci, ƙarama mai ƙaruwa duk sati ta fi tayar min da hankali kan babba da ta shekara goma a tsaye.

Sai siffa. Mai karkata, ɓangaren da ke ƙarƙashinta shi ne ya sauka, wato kanta yana jingina ne zuwa gefen da ya nutse, can za ka je neman dalili. In sama ta fi faɗi galibi ƙarshen gini ne ya sauka ko tsakiya ta kumburo, in ƙasa ta fi faɗi kaman ta Hajiya tsakiya ce ta lotsa. Tiyo mai haske da ruwa a ciki, wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, ya isa ya nuna maka wace kusurwa ce ta yi ƙasa. Kuma in ka gano kusurwar ka duba me ke wurin, sokawe ne, famfo ne, kwata ce, indararo ne ke zuba a gindi, ko bishiya. A abin da na gani da idona ruwa ne kan gaba nesa ba kusa ba.

Dattijo, Sakkwato:
Yaro ya yi gaskiya, ruwa ne. Gidanmu na ƙasa ne tun na kakanni, kowace shekara kamin damana munka saba yaɓe, tsaga ta fito a cike ta da ƙasa ta zauna lahiya. Da yara sunka samu kuɗi sunka ce a shahe shi da siminti ya yi kyau, anka yi. Ashe danshi na shiga ta sama ba ya samun hanyar hita, ƙasar ciki ta jiƙe gara ta samu wuri, daga waje bango sumul, ranar da filastar ta ɓallo gaba ɗaya mun iske rabin kaurin bangon ya zama gari. Ga kuma indararo guda da ya karye yana zuba a gindin soro ba wanda ya kula. Mai gidan ƙasa ya duba indararo da gindin bango kamin ya duba komi.

Mai tambaya, Kano:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Injiniya. Na zagaya baya, tsagar ta fito ta waje a daidai wurin, faɗinta wajen milimita 4 a sama, kuma kanta ya jingina ne zuwa gefen banɗaki. Sokawe ɗinmu na nan manne da bangon don filin ƙarami ne, kuma na lura ƙasar wurin ba ta bushewa ko yanzu da ba ruwan sama, har ciyawa ta fito kore shar.

Injiniya, Kaduna:
To Alhaji ga inda za a fara nan. A kira mai famfo ya buɗe bututun da ya fito daga banɗaki zuwa sokawe, sau da yawa a gwiwa yake tsagewa ko gam ya saki, ruwa na tsiyaya yana tafiya da ƙasar da fandesho ke zaune a kai. A gyara wannan, a bar wurin ya bushe, a ci gaba da awo. In ta tsaya sai a buɗe tsagar a ɗinke da guntayen rodi a cikin layin bulo a rufe. In ba ta tsaya ba sai an ƙara wa fandesho zurfi ta ƙasa, kuma wannan gaɓa-gaɓa ake yi kaman mita ɗaya-ɗaya ana tsallakewa, kar ka yarda wani ya haƙe maka gindin bango gaba ɗaya rana ɗaya, kuma ka nemi injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya tsaya a kai. Ni sokawe ina so ya yi nesa da gini kaman mita 5, na san filayenmu na yanzu ba sa bari.

Mazaunin Kanada:
Bari in kawo nawa daga nan, mu gidajen da ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke. A kudancin Ontariyo fandesho sai ya sauka kaman mita 1.2 saboda ƙasa na daskarewa da sanyi ta kumbura ta ɗaga gini. Gidan da muka saya akwai sirara a tsaye a jikin kankaren, mai duba gida ya ce ta bushewar kankare ce, aka ɗura mata wani gam ruwa ya daina shigowa shikenan. Amma na maƙwabcina bulo ne, tasa a kwance take ta bi tsawon bangon a tsakiya kuma bangon ya turo ciki ya yi ciki, in ka sa igiya da dutse daga sama za ka ga tazarar. Ƙasa ce jiƙaƙƙiya ke turo shi daga waje, sai da aka kafa masa ƙarafa aka haƙe waje aka sa bututun janye ruwa. Na kawo ne don masu tankin ruwa na ƙasa da masu katangar da ke tare tudu a gida, tsaga a kwance ba abin jira ba ce.

Malama, Maiduguri:
Mu bayan ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumbar 2024 ne. Da ruwa ya janye mun koma mun ga gida tsaye muka yi hamdala muka wanke muka shiga, sai bayan makonni da ƙasa ta fara bushewa tsagogi suka dinga fitowa, tayil in ka taka ka ji fanko a ƙasa don cikon ya zauna ya bar shi a sama. Sannan wani farin gishiri ya fito a gindin bango fenti na kumbura yana zuba. Abin da ya fi ba ni tsoro pila ɗaya na baranda da ya tsage a tsaye yana fitar da jan ruwa, da aka fasa rodin ne ya yi tsatsa ya kumbura ya ture kankaren, dama can an sa shi dab da waje ba kauri a kansa.

Magini, Zariya:
Malama wannan jan ruwan ko a dakin, wato rufin kankare, kika gan shi kar ki yi wasa, a fasa a kankare rodin a ga nawa ya rage. Kuma a faɗi gaskiya wani lokacin ba ƙasa ba ce ba ruwa ba, bulon ne, buhu ɗaya a buga abin da ya fi ƙarfinsa a sayar washegari bai sha ruwa ba, ka murza da hannu yana zuba. Da masu ƙara bene kan fandeshon da aka yi don gida flat, da masu jona sabon ɗaki da tsoho ba a bar tsaga ta gangan a tsakani ba, nan wurin haɗin dole ya buɗe don sabon bai gama zama ba.

Ƴar haya, Mpape, Abuja:
Ni haya nake, nan kuma kun san ana fasa dutse, in an tashi nakiya har kwanuka motsi suke, ga girgizar ƙasar da aka ji a Satumbar 2018. Mai gidan ya ce duk tsagar daga nan ne ba ruwansa, ni kuma na ga darbejiya ƙatuwa dab da bangon ɗakina saiwarta ta ɗaga simintin tsakar gida, kuma tsagar ta wannan gefen ce kawai. In sa a sare ta ne ko yaya?

Injiniya, Kaduna:
Ƴar uwa in nakiya ce da wuya ta zaɓi bango ɗaya ta bar sauran, na fi zargin bishiyar. Amma kar a sare ta rana ɗaya in ƙasar wurin laka ce, don ruwan da take sha zai dawo ƙasa ta kumbura ta ɗaga bangon ta wani gefen, a fara rage rassa a haƙa a ga inda saiwar ta bi. Ki ja layin fensir ki ɗau hoto yau da kwanan wata, ki sake ɗauka washegarin ranar da aka tashi nakiya, ki tura wa mai gidan duka biyun ta WhatsApp ki ajiye, ko don ranar da za ki tashi kar a ce ke za ki biya gyara.