Musayar waƙa: Panasonic Wild Knights da masu jin haushinta

Mai Rediyo:
Salamu alaikum 'yan zaure, yau zari-rugar Japan da babbar gasarta ta League One za mu taɓa, mai jin ya isa ya fito.

Da sunan Allah zan yabi Wild Knights gwanayena,
A 1960 aka kafa ta, ta girmi babana,
Sanyo ce a garin Ota kafin ta sake suna,
Ta koma Panasonic, irin rediyon kakana,
Yau tana Kumagaya, garin zafin rana,
Kofin farko na League One ita ta kawo ɗakina.

Uban Dawa:
Mai Rediyo batir ya mutu, tasharka ta ɓace,
Ka tsaya a 2022 kamar agogon da ya lalace,
Kubota mai tarakta ta nome ku kuna kwance,
Toshiba tamu ta zo a 2024, 24 da 20, kuka zauce,
Leitch na ja gaba, Mo'unga na bugu, kuna zazzaune a rikice.

Gimbiyar Zaure:
Kai kai kai Uban Dawa Allah ya ƙara basira, wannan ai ba amsa ba ce jana'iza ce wlh

Malam Aruli:
Gimbiya ki bar zuga shi. Ɗango na huɗun nan ki karanta lambobin da baki ki ji, dubu biyu da ashirin da huɗu, ashirin da huɗu da ashirin, kafin ki gama numfashi ya ƙare, ɗango ya je Zariya ya dawo. Ina karin yake?

Uban Dawa:
Malam shi da ya cusa 1960 a nasa baka gani ba sai nawa ko? dama kowa ya san ɓangarenka

Mai Rediyo:
Afuwan jama'a wuta aka ɗauke mana tun jiya, sai yanzu na samu caji.

Uban Dawa ka yi ta baki don ka ga bana nan,
Inagaki namu baya dariya, haka zan maka a nan,
Shi da Horie sun sa wa Japan riga, tambayi 'yan nan,
Kai ko aron 'yan All Blacks na New Zealand ka yi, da me kake taƙamar nan?

Malam Aruli:
Nan, nan, nan, nan. Wannan ba amsa-amo ba ne Mai Rediyo, lalaci ne.

Uban Dawa:
Mai aro ke zagin aro, abin da ban dariya,
De Allende da De Jager ɗin naka 'yan Kumagaya ne, gaskiya?
Afirka ta Kudu ta haife su, daina mana ƙarya,
Robbie Deans da ya horar da ku ma daga New Zealand ya biyo hanya,
Horie ya aje takalmi ba kofi, ku je ku sha miya.

Ɗan Fuchu:
Ni Suntory nake yi, maƙwabtan Toshiba a Fuchu, a bani fili in saka baiti ɗaya

Mai Rediyo:
Kai da muka yi wa 18 da 12 a wasan ƙarshe na 2022? kuma kamfanin giya, ka fara tuba tukuna sannan ka zo

Gimbiyar Zaure:
Malam Aruli baka ce komai ba a kan "hanya" da "miya"

Malam Aruli:
Ya ta hau ya, wannan ya wuce. Matsalata "ku je ku sha miya" ce, meye haɗin miya da ritayar Horie in ba neman cike gurbi ba?

Uban Dawa:
To Malam kawo naka baitin mu gani, shekara biyu kana gyara mana ko ɗango ɗaya baka taɓa sakawa ba