Malamanmu sun ce a bi sabuwar jam'iyya: me doka ta ce, daga ina ake farawa?

Ɗan Taura:
Assalamu alaikum. Wasu limaman Juma'a da malaman Islamiyya na ƙauyukan yankinmu a Jigawa sun haɗa kai za su mara wa wata sabuwar jam'iyyar adawa baya, don a gyara siyasa a daina sayen ƙuri'a. Jama'a sun karɓi maganar hannu bibbiyu. Shin doka ta yarda malami ya yi haka? Kuma me ya kamata a bincika kafin a yanki kati?

Malam Na-Gumel:
Wa'alaikumus salam. Abu na farko, a tabbatar INEC ta yi mata rajista. In ba ta yi ba, ƙungiya ce kawai, tambarinta ba zai hau takardar ƙuri'a ba. Sashe na 222 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce suna da tambarin jam'iyya kada su nuna addini ko ƙabila, ƙofarta a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, hedikwatarta kuma a Abuja. Sashe na 223 ya ce shugabanninta na ƙasa su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Duk wanda ya ce maka wannan jam'iyyar Musulmi ce zalla, bai karanta ba.

Malami ɗan ƙasa ne, yana da damar yankar kati, ya hau duro, ya ma tsaya takara. Inda ake samun matsala wuri biyu ne. Sashe na 221 ya hana duk ƙungiyar da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a ko zuba kuɗi a asusun jam'iyya, don haka kada a taɓa kuɗin kwamitin masallaci ko na makaranta. Sannan a Dokar Zaɓe ta 2022, kafin a sauya ta a 2026, sashe na 92 ya hana kamfe a wuraren ibada, sashe na 97 kuma ya sa tarar da ta kai naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12 ga mai kamfe da sunan addini, jam'iyya kuwa miliyan 10. A yi taron a filin kasuwa ko ƙofar gida, a bar mumbari da lasifikar masallaci.

Alhaji Mai Rumfa:
Malam ya gama da doka. Ni abin da ke damuna, cikar fili ba ita ce ƙuri'a ba. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, mazaɓu 287, rumfunan zaɓe 4,522. Kowace rumfa na bukatar ejan, kuma sai an miƙa sunansa da hotonsa ga INEC kwana 14 kafin zaɓe. Ko dubu biyar-biyar za a ba su na abinci da mota, an haura miliyan 22 a yini guda. Wa zai biya? A tambayi malaman wannan tun yanzu, domin wanda ya biya shi zai riƙe jam'iyyar.

Ejan ya zama ɗan garin ne, mai karatun boko. Abin da ke faruwa, yunwa ta kore shi da la'asar, ko wani ya ja shi gefe ya cusa masa wani abu a aljihu, a ƙirga ƙuri'a ba ya nan. Aikinsa ya tsaya har a ƙirga a bainar jama'a, ya duba adadin da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta tantance ya yi daidai da abin da aka rubuta a fom ɗin sakamakon rumfa, wato EC8A, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonsa. Sannan wani ya bi akwatin zuwa wurin tattara sakamakon mazaɓa, inda ake cika EC8B, galibi da dare. Can ake sauya lamba idan ba mai ido.

Ga kuma tambari. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton ɗan takara. Tsohuwar da ta saba da tsintsiya ko lema sai an zauna an nuna mata sabon tambarin, da yadda za ta dangwala a cikin gida ɗaya na takardar, ta naɗe a hankali kada tawada ta shafi wani gidan, ƙuri'ar ta lalace. Wannan aikin malamai mata ne na Islamiyyar matan aure, a cikin gidaje, ba a aji ba.

Hajiya ta Birnin Kudu:
Alhaji, na yarda da kai, amma ina da ƙari. A 2003 malamai da yawa a Kano sun goya wa Malam Ibrahim Shekarau baya ya kayar da gwamna mai ci, sai dai jam'iyyarsa ta ANPP na da mutane a kowace mazaɓa tun kafin nan. A 2023 Sheikh Ibrahim Khalil ya tsaya takarar gwamnan Kano a ADC, da duk iliminsa da martabarsa, bai kusanci manyan jam'iyyun ba. Kuma a Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 saboda sun kasa cika sharuɗɗa, ciki har da cin ko da kujerar kansila ɗaya.

Shawarata, a fara da kujerar majalisar jiha ɗaya ko biyu inda ake da ƙarfi. Gwamna sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi 25 cikin ɗari a ƙananan hukumomi 18 na Jigawa. A kuma nemi kundin jam'iyyar a rubuce: wa ke fitar da ɗan takara, ta wace hanya, nawa ne kuɗin fom. In ba a daidaita wannan da wuri ba, ɗan siyasar da ya faɗi zaɓen fid da gwani a wani wuri zai zo da kuɗinsa ya saye tikitin. Sannan a sa 'yan Izala da 'yan ɗariƙa duka a kwamitin mazaɓa, domin da zarar an ce jam'iyyar ɓangare ɗaya ce, rabin garin ya juya baya tun ba a fara ba.