Neman kalma: gawut da "abincin alkalin", kafin Juma'a

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu zan shiga rediyo a nan Jos, kalma biyu sun tsaya mini a wuya: cutar da likitoci ke kira gawut, da abincin alkalin da ake tallatawa wai yana rage asid na jini har ya yi maganinta. Na rubuta "sanyin ƙashi", na goge.

Likitan Gaɓɓai: Gara da kika goge, Hajiya. A garin nan kowane ciwon gwiwa sanyi ake ɗora wa, mutum ya ƙara safa ya zauna. Wannan daban ce. Yurik asid ne, wani datti da jiki ke samarwa ƙoda ta fitar, ke taruwa a jini. In ya haura miligiram 6.8 cikin desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita), sai ya fara daskarewa kamar ƙananan allurai a cikin gaɓa. Galibi gindin babban yatsan ƙafa yake fara kamawa, cikin dare, ya kumbura ya yi ja, ko mayafi ba ya son taɓawa. Ki ce "amosanin yurik".

Malam Nahawu: Rabi Hausa rabi Bature kenan. Larabawa na da niƙris, suna kuma ce mata cutar sarakuna. Mu aro daga inda muka saba aro. Alkalin kuwa ai kanwa ce: "abinci mai kanwa".

Mai Harhaɗa Magani: Malam, don Allah kar wannan ta fita a iska. Gobe da safe mutane za su jiƙa jar kanwa su sha. Sodiyam ne cike da ita, masu wannan cuta kuma da yawa suna da hawan jini ko ƙoda mai rauni. Ba kanwa ake nufi ba. Ganye ne da kayan marmari, a rage nama.

Ɗan Terminus: In kika ce abincin alkalin ma, za a ɗauka na alƙali ne 😂

Malam Nahawu: To "mai kashe tsami".

Likitan Gaɓɓai: Lemon tsami yana cikin jerin masu tallar abincin, sai ki rikita masu sauraro. Kuma akwai gyara tun daga tushe: abinci ba ya sauya ma'aunin asid na jini. Huhu da ƙoda sun riƙe shi tsakanin 7.35 da 7.45. Fitsari ne ke sauyawa, in tsaminsa ya ragu yurik ya fi narkewa ya fita, tsakuwar ƙoda ta ragu. Amfanin gaske daga abin da aka bari yake zuwa: hanta, ƙoda, kayan ciki, sardin, giya da burkutu, lemon kwalba mai sukari. A sha ruwa lita biyu zuwa uku in ƙoda da zuciya lafiya suke. Nono marar mai yana taimakawa. Wake da alayyafo ba sai an bari ba. Duk da haka abinci kaɗai bai fi ya sauke yurik kamar miligiram 1 cikin desilita ba, alhali ana so a koma ƙasa da 6. Mai yawan tashin ciwo sai da Allopurinol, maganin rage yurik, a fara da miligiram 100 ko ƙasa, likita na ƙarawa a hankali. Inda ake ɓata lamarin: watannin farko ciwon kan motsa, sai mutum ya ce maganin ne, ya watsar.

Malam Nahawu: Darasi muka zo ko kalma? Ku mutanen Jos kun saba da Hausar kasuwa, shi ya sa komai sai ku ranto.

Ɗan Terminus: Malam, "likita" da "asibiti" da kake faɗa kullum, daga Kano aka haƙo su? Niƙris ɗin, je kasuwar Farin Gada ka tambayi mai kabeji ko ya taɓa jin ta.

Malam Nahawu: Abin da ba a sani ba ai koyarwa ake yi. Aikin rediyon kenan.

Mai Harhaɗa Magani: "Cutar sarakuna" ma tana da illa, direban da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari zai ɗauka ba ta shafe shi ba, alhali irin waɗannan ƙwayoyin na ɗaga yurik.

Mai Shirin Lafiya: Na gode. Zan ce "amosanin yurik, wato gawut". Abincin kuma ba zan raɗa masa suna ba, zan ce "cimar ganye da rage nama", in gargaɗe su kan kanwa.

Malam Nahawu: Ban gamsu ba. Amma ki ambaci niƙris ko sau ɗaya ne.