Bincike da haruffa biyu yana kwantar mini da PostgreSQL

Assalamu alaikum, masana. Ina da manhajar Django a kan PostgreSQL 15, da tebur mai layi kusan miliyan 2 na kanun labaran Hausa (kanun suna cikin filin da na kira take). Idan na tace da icontains (neman kalma a ko'ina cikin rubutu, babban harafi ko ƙarami), Django yana aika UPPER(take) LIKE UPPER('%kalma%'), don haka index na B-tree (wanda aka saba amfani da shi don saurin bincike) bai tsinana komai ba.

Na kunna pg_trgm (ƙarin PostgreSQL na binciken rubutu), na gina index na GIN da gin_trgm_ops a kan UPPER(take) kansa, na yi ANALYZE. Kalma irin "kasuwa" yanzu tana dawowa nan take. Amma da zarar mutum ya buga haruffa biyu, kamar "ƙa" ko "ɗa", sai EXPLAIN ANALYZE ya nuna Seq Scan (wato yana karanta teburin gaba ɗaya layi-layi), a shafe daƙiƙa 8 ana jira. Dalilin a fili yake, pg_trgm yana yanka rubutu haruffa uku-uku ne, biyu ba su isa ya kama komai ba. Ƙara work_mem (yawan memory da PostgreSQL ke ba aikin query) bai canza komai ba.

Google kuwa sai maimaita mini shafukan "saka index" yake yi, duk kwafin juna.

Shin pg_bigm, wanda ke yanka rubutu haruffa biyu-biyu, zai magance wannan a kan ƙ, ɗ da ɓ ba tare da ya rage saurin INSERT sosai ba? Na gode.