Neman kalmar Hausa: "marines" da "remains" a rahoton Tarawa

Mai fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan karanta rahoto a rediyo kan sojojin Amurka kimanin 1,000 da aka kashe a tsibirin Betiyo na Tarawa, cikin ƙasar Kiribati ta yanzu a tekun Pasifik, a gumurzunsu da Japan na Nuwamban 1943. An binne su cikin gaggawa, sannan gine-ginen sansanin soja suka ɓatar da alamomin kaburburan, har yau akwai ɗaruruwan da ba a gano ba. Kalmomin Turanci biyu na rahoton, "marines" da "remains", sun tsaya mini a wuya.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta farko ai sojojin ruwa ce.

Tsohon soja: Malam, sojojin ruwa su ne masu aiki cikin jiragen yaƙi. Waɗannan kuwa jirgi ne ke kawo su, amma a tudu suke faɗa. A Betiyo ma da ruwa ya yi ƙasa, kwale-kwalensu suka maƙale a kan duwatsun murjani, suka sauka suna ratsa ruwa iya ƙirji ana yi musu ruwan harsasai. A ce "marin" kawai a huta.

Malamin Hausa: Wannan kasala ce ke kashe mana harshe. Dakare a Hausa shi ne mayaƙin ƙasa, saboda haka "dakarun gaɓa" ya wadatar, kuma na daɗe ina koyar da shi.

Ɗan jarida: Allah gafarta Malam, "soja" da ka fara kawowa ma aro ce daga Turanci. Gidajen rediyo sun saba da "sojojin kundumbala", ko da yake ana kiran wasu rundunonin da shi.

Malamin Hausa: Wanda ya ari riga bai kamata ya yi wa mai saƙa gori ba.

Mai fassara: Malamai, ta biyun fa? A 2015 ƙungiyar History Flight, mai neman sojojin Amurka da suka ɓace a yaƙi, ta tono wani rami a Betiyo mai ɗauke da fiye da mutum 30, ciki har da Laftanar Alexander Bonnyman, kuma bayan shekara 72 ba na jin "gawa" ta dace.

Tsohon soja: "Ragowa" kuma sai ka ce tuwon jiya. Ki ce "ƙasusuwan mamatan", 'yata, iyalansu ma abin da suke jira ke nan.

Mai fassara: Na ɗauka, Baba. Ta farkon zan sa "kundumbala" tare da gajeren bayani.

Malamin Hausa: Na gobe kaɗai na yarda.