Gidan gado ya tsage: a gyara harsashi ko a jira a rushe?

Ɗan Gombe: Assalamu alaikum. Gidan mahaifinmu ne, ginin bulo na shekarun 1980, ba bene ba. Bangon ɗakin gabas ya tsage kamar matakala daga kusurwar taga zuwa ƙasa, ƙofar ma ta daina rufuwa. Niyyarmu nan da shekara biyar mu rushe mu ɗora bene. Mu taɓa harsashin yanzu, ko mu lallaɓa?

Injiniyan gini: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara gane ko ginin na ci gaba da motsi. Shafa siminti falle-falle a wuri uku a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka riƙa auna faɗinta duk wata har rani da damina su zagayo. In tana buɗewa da rani tana haɗewa da damina, baƙar laka ce, wadda ba ta ƙaranci a yankinku: ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta motse. In kuwa kullum ƙaruwa take, mai yiwuwa ruwa ne ke kwashe ƙasa a ƙarƙashi. In tsagar ta kai milimita 15, ko bango ya yi ciki, a kwashe mutane daga ɗakin a tokare shi, ba jira.

Tsohon birkila: Ruwa za ku fara kora, shi ne mai araha. A gyara indararo, a zuba daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya kewaye da gidan, ya gangara waje. A duba sokawe da bututun banɗaki. In akwai darbejiya jikin bango, a rage rassanta da kaɗan-kaɗan. Sare ta rana ɗaya kan sa lakar ta kumbura ta ɗaga ginin.

Injiniyan gini: Ƙari kaɗan. Harsashin da aka tallafa don wannan ginin, wato aka haƙa ƙarƙashinsa aka cike da kankare, ba lallai ya ɗauki bene ba, ranar rushewa kuɗin ya bi ƙasa. Don haka in tsagar ta tsaya, ku yi abin da Baba birkila ya ce kawai. In ba ta tsaya ba, a tallafi kusurwar nan kaɗai: a haƙa tsawon mita ɗaya na ƙarƙashin harsashin, a tsallake mita biyu, har a tarar da ƙasa mai tauri. Kankaren kuwa buhun siminti 1, kwanon yashi 4, tsakuwa 8. A ba shi mako guda ana ba shi ruwa kafin a buɗe ramin da ke kusa da shi. Masu haƙe layin gaba ɗaya don sauri su ne bango ke zauna musu. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya gani da ido tukuna.